Jan Biron Kawu

Hajiya ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. In ta bugo waya, "kai" ne sunana daga farko har ƙarshe. Wata Talata cikin hunturun bara ta bugo bayan Magariba, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Auta ya samu fas na kwana goma. In kana da abin faɗa mashi ka taho, zuwa da kai ya fi aike."

Abin faɗa kam ina da shi, har ma a rubuce, cikin wata ambulan mai ruwan ƙasa. Wani attajiri a Kano da na koya wa 'ya'yansa uku Turanci yana neman wanda zai shugabanci tsaron masana'antarsa, kuma tsohon hafsa ya fi so. Albashin ya fi abin da Auta ke ɗauka, ga gida ga mota, kuma kullum mutum a ɗakinsa zai kwana. Wata shida muna ƙulla wannan magana ni da Hajiya ba da saninsa ba. Auta Manjo ne a sojan ƙasa, shekararsa 38, kusan rabin aikinsa kuma a Arewa maso Gabas ya yi shi. Cikin samarin da yake kawowa gida cin tuwon Sallah lokacin suna makarantar horon hafsoshi ta Kaduna, huɗu sun riga mu gidan gaskiya. Hajiya ta san sunayensu, ta san na iyayensu mata. Iyakar hujjarta ke nan, ni kuwa ban taɓa samun abin da zai rushe ta ba.

Na bar Kano ranar Juma'a da sassafe, hazo ya rufe gari har sai da na kunna fitila. Dawanau, Bichi, Tsanyawa, Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya, Charanci: hanyar da na bi sau ba adadi, ba abin da zan faɗa a kanta sai cewa inda aka gyara ya yi kyau, inda ba a gyara ba kuma taya ta sani. A wani shinge wani ƙaramin soja ya leƙo, leɓɓansa duk sun tsage saboda sanyi, ya ce in buɗe but. Da can haushi nake ji in an tsayar da ni. Tun da Auta ya sa kaki na koma kallon fuskokinsu, ina ƙiyasta shekarunsu.

Na shiga Katsina ta Ƙofar Ƙaura wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na iske Auta a zaure cikin jallabiya, ya rame, ya yi baƙi, ya zaɓi kusurwar da ke kallon ƙofa ya zauna. Kusa da shi akwai wata jakar baya cike da takardun da aka yi wa hoto aka ɗinke, wasu har gefensu ya naɗe. Na ɗauki ɗaya ina juyawa, duk zane-zane ne da gajerun haruffa da ban san kansu ba.

"Yaya, jarrabawa ce," ya ce. "Ta shiga babban kwas na Jaji. Na zauna sau ɗaya, ban ci ba. Hajiya ba ta sani ba."

A raina na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Wanda jarrabawa ta kayar ai ba zai yi wuyar lallashi ba. Ban fito da ambulan ɗin ba, na bari sai na samu mai mara mini baya.

Bayan Isha na tafi wurin Kawu, yayan Hajiya, tsohon Laftanar-Kanar da ya yi ritaya tun Auta yana sakandare. Shi ne ma ya cika masa takardar shiga soja, abin da Hajiya ba ta gama yafe masa ba har yau. Na zayyana masa komai. Ya sa tabarau ya karanta takardar har ƙasa, ya mayar mini, bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Sai ya kira wani jikansa suka jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.

Na zaci lambobin yabo zai nuna mini, ko hotunan Laberiya. Takardu ne. Rubutun hannunsa ne da shuɗin biro, shafi bayan shafi, kuma babu shafin da jan biro bai yi wa kaca-kaca ba. Ni malamin makaranta ne, shekara 22 ina duba takardun yara, amma ban taɓa yi wa ɗan aji ɗaya irin wannan yankan ba. An soke kalma, an kewaye lamba, an ja layi ƙarƙashin kwanan wata don an rubuta shi ba bisa tsari ba. A gefen wani sakin layi da Kawu ya bayyana cewa akwai kogi mai faɗin kaza a gaban dakarunsa, malamin ya rubuta kalmomi biyu kawai da Turanci, ma'anarsu "To, sai me?"

"Wannan tambayar ita ce Jaji," in ji Kawu. "Ka ce akwai kogi. To, sai me? Sai a nemi gada. To, sai me? Sai injiniyoyi su riga kowa isa. To, sai me? Sai a ba su motoci da masu gadinsu, a rage wa wani. Haka za ka yi ta bin maganar har ta zama umarnin da saje zai iya aikatawa. Ina Manjo, da gemuna da 'ya'yana huɗu, wani yake yi mini wannan. In an gama yanka ka, sai a fito da amsar malamai, a bisa takarda mai ruwan hoda ake buga ta, ka ga inda ka ɓace."

Ya rufe akwatin, ya ce, "Gobe za ni Daura gaida wani abokina. Ku biyu za ku kai ni. Ka taho da takardar taka."

Mun fita da hantsi, ni a sitiyari, Kawu a gefena, Auta a baya da jakarsa. Tun kafin mu bar gari Kawu ya fara, kuma na lura ni yake yi wa bayani, ba Auta ba.

"Ku farar hula kun ɗauka bindiga ce aikinmu. Shekara 27 na yi. In ka tara kwanakin da na yi harbi da gaske ba za su cika wata uku ba. In ka tara na zaman aji, sun haura shekara biyar."

Ya ɗauko tsanin tun daga ƙasa. Makarantar horon hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, yanzu shekara biyar yaro ke yi a cikinta in sojan ƙasa zai zama, ya fito da digiri da anini a kafaɗa. Daga nan kowa ya tafi makarantar sashensa: sojan ƙafa Jaji, masu tankoki Bauchi, masu igwa Kachiya, injiniyoyi Makurɗi. Akwai jarrabawar Laftanar zuwa Kyaftin, akwai ta Kyaftin zuwa Manjo, akwai ƙaramin kwas na masu anini uku a Kwalejin Hafsoshi ta Jaji, wadda aka buɗe a 1976 da taimakon hafsoshin Ingila. Sai babban kwas ɗin Manjoji, kusan shekara guda, sojan ƙasa da na ruwa da na sama a haɗe, har da baƙi daga wasu ƙasashen Afirka. Wanda ya gama shi ne ke sa haruffan nan uku, psc, bayan sunansa. Na sha ganinsu a katin ɗaurin aure, na ɗauka ado ne. Ashe ba tare da su ba Manjo ba ya ganin Laftanar-Kanar cikin sauƙi, balle a damƙa masa bataliya. Can sama kuma, in mutum ya sa jan wuya ya zama Kanar, akwai Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja, wadda ta fara a Legas a 1992, mai ba da fdc, da cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa ta Kuru kusa da Jos, ta 1979, mai ba da mni.

"Kuma ba har illa Masha Allahu ake barin mutum yana zama ba," ya ce. "Uku ne. Jarrabawa uku, ko kwamitin ƙarin girma ya tsallake ka sau uku, sai ka haɗa kayanka. Kowane muƙami kuma da shekarun da ba a wuce su a kansa. Agogo biyu ke bin hafsa, na jarrabawa da na haihuwa."

Na dubi Auta ta madubi. Yana kallon gonakin da aka girbe, karan gero a tsaye kamar an jera su fareti.

Na tambayi Kawu, to su Janar Hassan fa? Mu Katsinawa da labarinsu muka tashi. Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, yana da shekara 32 aka ba shi mulkin Arewa gaba ɗaya a 1966. Shehu Musa 'Yar'aduwa a 1976 ya tashi daga Laftanar-Kanar zuwa Birgediya, ya zama na biyu a ƙasa, ya yi ritaya yana Manjo-Janar a 1979 da shekara 36. Ga Auta da 38 yana fama da takardun hoto.

Kawu ya yi dariya har da tari. "Lokacin rundunar ce ƙarama, ga juyin mulki ga yaƙin basasa, kujeru suna neman mutane. Yanzu mutane ke neman kujeru. Kuma kada ka manta dukansu biyu sai da suka je Sandhurst a Ingila. Wanda ya ce zai auna kansa da su yau, hawan jini zai kashe shi."

Bayan Mashi hanya ta yi shiru, sai jefi-jefi motocin dabbobi. A nan ne ya ba da nasa labarin, wanda duk tsawon rayuwata ban taɓa ji ba. Yana Laberiya cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Yammacin Afirka, a farkon shekarun 1990, saƙo ya zo daga hedikwata cewa ya dawo gida ya shirya jarrabawar Jaji. Yana riƙe da kamfani, mutum ɗari da wani abu, ya san kowa da sunansa. Ya roƙi kwamandansa a ɗaga masa. Aka ɗaga. Shekara ta zagayo, ya sake roƙo. Lokacin da ya je ya gama, 'yan kwas ɗinsa sun riga shi da shekara biyu, kuma shekara biyun nan bai taɓa cike su ba. Ya samu Laftanar-Kanar a makare, shekaru suka cim masa kafin jan wuya. Wani yaro da shi ya koya wa kwance bindiga ya zama Janar, sun haɗu a wani taro, yaron ya rasa yadda zai yi, shi ma ya rasa.

"Ban ce an zalunce ni ba," ya ce. "Ni na ɗauka biro na magatakarda ne, jarumi ba ruwansa da shi. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce mani in kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take."

A Shargalle muka tsaya Kawu ya sayi rake, wai na jikokin abokinsa, ya shanye rabi kafin mu isa.

Daura ta Abdu, tushen Hausa. Na yi shekara tara rabona da ita, kuma ta canza: tituna sun faɗaɗa, ga jami'ar sufuri, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga asibitin sojan sama, ga bataliyar soja. Amma cikin gari na nan yadda na san shi. Auta bai taɓa ganin rijiyar Kusugu ba, don haka muka ratsa. Tana cikin ɗaki yanzu, an kewaye bakinta, mai kula da ita ya ba mu labarin Bayajidda da macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da muryar wanda ya faɗi abu sau dubu. Ya jefa guga ya ba mu muka sha. Auta ya leƙa ciki ya tambayi zurfinta da yawan gidajen da take iya shayarwa a rana. Kawu ya harare ni, wato ka gani.

Mun bi ta unguwar da gidan marigayi Muhammadu Buhari yake, inda aka binne shi ranar 15 ga Yuli, 2025. Ba mu tsaya ba, daga cikin mota muka yi addu'a. Kawu ya ce mutane sun san shi da shugabancin ƙasa sau biyu, amma ba mai ƙirga azuzuwan da ya zauna: Kaduna a 1962, makarantar Mons a Ingila, kwalejin hafsoshi ta Wellington a Indiya a 1973, kwalejin yaƙi ta sojan Amurka daga 1979 zuwa 1980.

Abokin Kawu a gona muka same shi, bayan gari ta hanyar Mai'aduwa. Dogon tsoho ne, da malafa da takalmin roba, yana tsaye kan masu ban ruwan albasa. Kowa a wurin Manjo yake ce masa, ko da yake ya kusa shekara 30 da tuɓe kaki. Suka rungume juna da Kawu suna zagin wasa irin na bariki. Auta ya ƙame ya sara masa kafin ya tuna jallabiya ce a jikinsa, sannan ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni."

Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, aka kawo fura da nono mai sanyi a ƙwarya da gasassun zabi biyu. Kawu ya maimaita lissafin makarantun Buhari, tsohon ya katse shi: "Takardar Amurka ba ta hana a tsare shi shekara uku a birnin Benin ba. Kai dai kullum kana yi wa kwas kirari kamar shi ke raba arziki."

Shi nasa labarin kishiyar na Kawu ne. Ya ci jarrabawa a zama ɗaya, ya gama Jaji cikin na gaba-gaba, har ana maganar wata rana zai dawo ya koyar. Shekara biyu bayan haka ya rubuta takardar ajiye aiki. Mahaifinsa ya rasu ya bar ƙanne goma sha ɗaya, albashin Manjo a wancan lokaci ba ya kai tsakiyar wata, kuma ya zo gida hutu 'yarsa ta fari ta ruga bayan uwarta tana cewa ga baƙo. Sai da ya jira watanni kafin a amince, don soja ba ya ajiye aiki kamar ma'aikacin banki.

Na ji daɗi ƙwarai. Ga shaida a gabana: gona, shanu, gida, 'ya'ya duk sun yi karatu, mutum ya tsufa da ƙafafunsa biyu. Na tambaye shi ko ya taɓa nadama, ina jiran ya ce a'a.

"Nadama dai a'a," ya ce. "Amma duk shekarar da aka fitar da sunayen ƙarin girma, daren nan ba na barci. Sai da na ƙarshen 'yan kwas ɗinmu ya yi ritaya na huta. Biyu sun kai Manjo-Janar. Ɗayansu rana ɗaya aka naɗa na ƙasa da shi shugaban runduna, washegari ya zama farar hula, don babba ba ya sara wa ƙaninsa. Ya zo nan ya zauna inda kake zaune, bai san kuɗin buhun taki ba." Ya kurɓi fura. "Ni kuma abin da ke riƙe da gonar nan, a Jaji na koyo shi. Man injin nawa, kwana nawa, in famfo ya mutu wa zai kawo wani, daga ina. Maƙwabtana sun fi ni sanin ƙasa. Lissafi na fi su."

Daga nan ya juya kan Auta. Ya tashi ya share ƙasa da tafin takalmi, ya ɗauki kara ya ja layi mai lanƙwasa. Wannan rafi ne. Ya ajiye ɓawon rake uku, ƙauyuka ne. Ƙashin zabo ya zama tudu, murfin gora ya zama gada ɗaya tilo, wadda ba ta ɗaukar mota mai nauyi. Ya ce 'yan bindiga sun kai arba'in a bayan tudun, da mutanen da suka sace, damina ce, kana da kamfani biyu da awa goma sha takwas. Bismilla.

Ban taɓa ganin ƙanena haka ba. Yaron da in an tambaye shi ya aiki sai ya ce "da godiya" ya yi shiru, ya tsuguna bakin zanen nan ya zama wani mutum. Ya tambayi inda rana ke faɗuwa. Ya tambayi ko mutanen ƙauyen tsakiya suna kai musu abinci. Ya ce ba zai taɓa gadar ba, don nan suke jiran sa, zai bar motoci su yi ta ƙugi a kusa da ita, ya tsallaka da mutanensa a ƙafa can ƙasa inda shanu ke ƙetarawa, tun da duk inda shanu ke bi ruwa bai wuce ƙugu ba. Ya nuna inda zai tare hanyar gudu, da inda zai ajiye mai magani, da abin da zai yi in aka fara harbi kafin lokaci. Masu ban ruwa suka bar aiki suka kewaye mu. Cikin minti goma ya gama, tsohon Manjo yana ta gyaɗa kai.

Sai Kawu ya zaro littafin rubutu daga aljihun babbar riga, da biro, ya miƙa masa. "Madalla. To rubuta shi. Kai ba ka wurin, kana hedikwata. Wani Kyaftin da bai taɓa ganin ka ba zai karanta da tocila ƙarfe biyun dare. Minti ashirin."

Auta ya karɓa. Ya rubuta layi biyu ya soke. Ya sake. Gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyi. Da lokaci ya cika ya miƙa shafi ɗaya da rabi, Kawu ya ba ni ya ce, "Malam, aikinka ne." Na karanta. Duk abin da ya faɗa da baki yana ciki, amma a cakuɗe kamar kayan da aka zuba a buhu cikin gaggawa. Jimlar farko ta kai layi shida. Mashigar shanu, wadda ita ce ran dabarar, tana can ƙasa a tsakiyar wata magana kan abinci. Bai faɗi ƙarfe nawa za a tashi ba. Da ni ne Kyaftin ɗin, gadar zan nufa.

Na faɗa masa haka, a hankali. Bai ji haushi ba, ya ce abin da ya kayar da shi ke nan, ya sani.

"Kamfani kana iya yi masa tsawa ya ji," in ji Kawu. "Bataliya mutum ɗari bakwai ce ko fiye, a warwatse, wani yana nisan tafiyar yini. Muryarka ba ta kai wa gare su. Takarda ce ke zuwa. In ta karkace, uwar wani ce za ta karɓi gaisuwa."

Ni da na zo raba shi da aikin, sai na tsinci kaina ina nuna masa yadda zai sa abu mafi muhimmanci a layin farko. A nan tsohon Manjo ya ce, "Ina takardar da aka ce ka zo da ita?" Ashe Kawu ya riga ya tsegunta masa ta waya. Ba yadda zan yi, na ɗauko ta daga mota na miƙa wa Auta a gaban kowa.

Ya karanta sau biyu. Ya ce, "Na gode, Yaya. Har yaushe suke jira?" Na ce ƙarshen Janairu. Ya ninke ta ya sa cikin jakar takardunsa. Sannan ya yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce kada mu ɗauka bai taɓa tunanin fita ba, ya fi mu tunaninta, musamman daren da ya kwashe gawar abokinsa a bayan mota. Ya ce 'yarsa ta biyu a waya ta koyi kiran sunansa. Amma in ya fita yanzu, har ya mutu ba zai san ko don iyalinsa ya fita ba ko don takarda ta kore shi. Kuma akwai yara a ƙarƙashinsa da ya ga an aika su da umarnin da aka rubuta da gaggawa, ya san yadda abin yake ƙarewa.

Tsohon Manjo bai ce masa zauna ba, bai ce fita ba. Ya ce dai shi da psc ɗinsa ya fita, kuma ƙofar fita ba ta rufewa, ta shiga ce ke da lokaci. Ni kuma na ce wannan duk maganar maza ce a gindin mangwaro, ba ɗayanku da zai je ya zauna gaban Hajiya. Suka yi dariya, amma ba wanda ya musa.

Mun baro Daura bayan La'asar da buhun albasa a but, don Kawu ba ya yarda a yi dare a hanya. Kusan duk tafiyar barci ya yi. Da muka sauke shi a ƙofar gida, ya laluba aljihu ya miƙo mini wani jan biro, sabo fil, da alama tun safe yake ɗauke da shi. "Shafi biyu duk mako," ya ce. "Kada ka ji tausayinsa. Can ba za a ji ba."

Hajiya tana kan dadduma muka shiga. Ta bari Auta ya fita masallaci, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai, ya amince?"

Na ce, "Makaranta yake son komawa, Hajiya. In ya ci jarrabawa, kusan shekara guda zai yi a Jaji, kusa da Kaduna. Da iyalinsa ma zai iya zama."

Fuskarta ta saki. Ta ce, "Aji dai? Ba daji ba?" Na ce aji. Ta ɗaga hannu ta yi ta godiya ga Allah, ta ce a dafa mashi abin da yake so gobe. Ban faɗa mata cewa waɗanda suka gama wannan ajin su ake ba bataliya ba, kuma bataliyoyin ba a Kaduna suke kwana ba. Na yi niyyar faɗa, bakina ya ƙi.

Janairu ta wuce, Auta bai ta da maganar ambulan ba, ni ma ban tayar ba. Attajirin ya ɗauki wani. Duk daren Alhamis, in akwai sabis a inda suke, hotunan shafi biyu na shigowa wayata ta WhatsApp, wani lokaci da inuwar yatsansa a gefe. Ina bugawa a shagon da ke bakin layinmu, in zauna da biron Kawu, in ɗauki hoto in mayar. Makon farko jimlarsa ta farko kalma 54 ce. Ta makon jiya 17 ce, kuma lokacin tashi yana layi na biyu. Na dai kewaye masa wuri guda inda ya ce hanyar tana da laka, na rubuta a gefe: to, sai me?

Ina cikin haka Hajiya ta bugo. "Kai, yana dai karatun ko?"

Na ce yana yi.